Wai mutum 1,000 sun isa su faɗi ra'ayin ƙasa guda?

Mai Shakka: Ni fa wallahi ban yarda da masu binciken jin ra'ayin jama'an nan ba, ta yaya za a tambayi mutum 1,000 a ce wai an san abin da ke ran miliyoyi, ni ko sau ɗaya ba a taɓa tambayata ba. In da gaske ake a tambayi miliyan mana.

Malamin Lissafi: Ɗan'uwa, in likita zai gwada jininka duka yake zuƙewa? Ba yawan ba ne, yadda aka zaɓo mutanen ne. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya wajen miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, sai ga Roosevelt ya kwashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen daga littafin lambobin waya da rajistar masu mota ta kwaso, kuma masu jin haushin Roosevelt su suka fi zumuɗin maido da amsa. Gallup, wani mai binciken ra'ayi da mutanen da ya tambaya ba su kai ko kusa da haka ba, shi ya canka.

Uwar Biyu: Malam misalin jinin nan naka da gyara, jini a gauraye yake kuma ba ya ƙin ɗaga waya. Cibiyar binciken ra'ayi ta Pew a Amurka da kanta ta ce masu amsa tambayoyinta ta waya sun sauko daga kashi 36 cikin 100 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018, to waɗannan shidan su waye, irinsu ɗaya da sauran 94 ɗin da suka share?

Malamin Lissafi: Gaskiyarki Hajiya. Amma ana daidaitawa, in matasa sun yi kaɗan sai a ƙara wa amsarsu nauyi.

Uwar Biyu: Abin da ka san ya ɓata shi kake gyarawa ai. A zaɓen 2016 bincike da yawa na jihohin Amurka ba su daidaita da matakin ilimi ba, masu digiri suka yi yawa a ciki, aka raina ƙuri'un Trump.

Mai Shakka: Yauwa, kun dawo maganata, a zuba tambayar a Facebook kowa ya amsa.

Uwar Biyu: Haba ƙanena, an yi makamancin haka ai. A 2021 wani bincike ta Facebook yana samun amsa kusan 250,000 duk mako kan rigakafin korona a Amurka, ƙarshe ya zarce ainihin kason waɗanda aka yi wa allurar da maki 17 cikin 100.

Mai Shakka: To ni dai har yanzu ba wanda ya kira ni.

Malamin Lissafi: In baƙuwar lamba ta kira ka kana ɗagawa?

Mai Shakka: A'a fa.