Daga Istanbul zuwa Gaziantep a motar dare: ina neman shawara kan hanya da abinci

Ɗalibi daga Zariya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ɗaya daga cikin jami'o'in Istanbul, kuma tun zuwana ƙasar Turkiyya ban taɓa wuce kewayen wannan birni ba. Yanzu da hutun ƙarshen zango ya gabato, na ƙudiri niyyar rataya jakata a baya in leƙa cikin ƙasar, in bi ta Konya da Kapadokiya, in dire a Gaziantep, garin da duk Baturken da na tambaya yake cewa a can girki ya ƙare. Guzurina bai taka kara ya karya ba, shi ya sa nake tunanin in riƙa bin motar dare, ta yadda kuɗin tikiti zai ɗauke mini kuɗin masauki. Ina roƙon waɗanda suka riga ni bin wannan hanya su faɗa mini gaskiya: shin wannan dabara tana biyan buƙata, ko kuwa mutum zai isa gari ne a gajiye ya ɓata yininsa da barci? Yaya ake yi da salla a hanya? Sannan wane abinci ne bai kamata ya wuce ni ba, wane ne kuma zai iya ɓata mini ciki alhali ina kan kujerar mota?

Tsohon ɗalibi a Konya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Dabararka tana da kyau, amma da sharaɗin kada ka jera darare biyu a mota ba tare da ka kwana a kan gado a tsakaninsu ba, domin kuɗin da ka adana a dare na biyu jikinka ne zai biya shi washegari. Daga Istanbul zuwa Konya tafiya ce ta kusan kilomita 700, tana cin kimanin awa 10, saboda haka idan ka tashi bayan isha za ka isa da hantsi bai yi ba. Yawancin motocin suna tashi ne daga babbar tashar Esenler, wadda jirgin ƙasa na cikin gari yake kai mutum har bakinta, amma idan a ɓangaren Asiya kake zaune, ka duba ko motar tana ɗaukar fasinja a can, kada ka tsallaka teku a banza ta sake dawowa da kai. Kamfanoni irin su Kamil Koç da Pamukkale da Metro duk suna da yawa a manyan hanyoyi, kuma manhajar Obilet tana jera maka su da lokutansu da farashinsu. Ka nemi mota mai kujera biyu a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen, ka kama ta ɗayan nan. Ɗan ƙarin kuɗin da za ka biya bai kai daɗin barcin da za ka samu ba.

Abin da zai fara burge ka shi ne yaron mota. Da zarar an fita daga gari zai biyo da ɗan kekensa tsakanin kujeru yana raba shayi ko kofi da ɗan biskit ko kek, a wasu motocin ma har ya tsiyaya maka turaren lemun tsami a tafin hannu ka murtsuke. Duk bayan awa uku ko huɗu ana yada zango na kusan rabin awa a manyan wuraren hutawa na bakin hanya, inda akwai gidan abinci da makewayi da ɗan masallaci. Ka riƙe ƙananan kuɗi, domin makewayin galibi na biya ne. Ka kuma haddace lambar motarka kafin ka sauka, saboda da tsakar dare za ka fito ka tarar da motoci iri ɗaya a jere, ana wanke musu gilashi, ga sanarwar tashi da Turkanci kawai ake yin ta. Na taɓa ganin wani bawan Allah yana bin motarsa da gudu da kofin shayi a hannu.

Batun salla, direba ba zai tsaya domin asuba ta yi ba, sai dai idan lokacin ya dace da zango. Ka yi magariba da isha kafin ka hau, ka zauna da alwala, ka kuma duba lokacin isar motar ka gwada shi da lokacin fitowar rana tun kafin ka yanki tikiti. A hunturu rana takan makara, don haka sau da yawa za ka riski asuba a masallacin tasha.

A Konya kada ka bar gari ba ka ci etli ekmek ba: gurasa ce siririya mai tsawo, an shimfiɗa mata niƙaƙƙen nama da tumatir da barkono an gasa a tanderun itace. Akwai kuma fırın kebabı, naman rago da ake barinsa awoyi a tanderu cikin kitsensa har ya riƙa saɓulewa daga ƙashi. Ka ci su da rana bayan ka ziyarci hubbaren Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a garin a shekarar 1273. Daga Konya zuwa Kapadokiya awa uku zuwa huɗu ne kacal, wannan da rana za ka yi shi.

Hajiya mai fataucin kaya ta amsa:

Ɗana, Allah ya kiyaye hanya. Bayanin da yayanka ya yi maka a sama daidai ne, sai dai ni ban yarda da cewa lallai ne ka fara da motar dare ba. Akwai jirgin ƙasa mai gudu daga Istanbul zuwa Konya da ke yin tafiyar cikin kimanin awa biyar, kuma idan ka yanki tikiti da wuri ba lallai ne ya fi mota tsada sosai ba. Ka ajiye ƙarfinka domin hanyar kudu, inda ba ka da wannan zaɓi.

Abin da ya fi damuna shi ne cikinka. Abincin Turkawa yana da man shanu da kitse da madara fiye da yadda ake zato, kuma wanda ya cika tumbinsa da kebab sannan ya hau mota ya jawo wa kansa, domin galibin motocin nan ba su da makewayi a ciki. Ni a daren tafiya miyar adas nake sha, wato ɗan jan waken nan da suke dafawa har ya narke, in matsa lemun tsami, in haɗa da gurasa, shi ke nan. Ana samun ta a kowane zango, da zafinta, kuma ita ce mafi araha a wuraren da komai nasu ya fi na cikin gari tsada. Ka sa simit, gurasar nan tasu mai kama da zobe mai riɗi, da ruwan gora a jaka. Ayran, nonon nan nasu mai gishiri, yana kwantar da yaji, amma ka fara gwada shi a ranar da ba ka da tafiya. Abincin teku da ake tallansa a titi cikin ɓawonsa kuwa, ka bar wa masu shi har ka dawo.

Fasfonka da katin izinin zamanka su kasance a aljihun rigarka, kada su shiga jakar da za a sa a ƙasan mota, domin jandarmomi sukan tsayar da mota a hanya su karɓi katin kowa su duba, musamman idan an nausa kudu maso gabas. Wajen yankar tikiti za a tambaye ka namiji ne ko mace, saboda ba su cika zaunar da mace kusa da namijin da ba nata ba, abin da ni dai ya kwanta mini a rai ƙwarai. Ka kuma ɗauki rigar sanyi mai kauri. Kapadokiya tudu ce mai tsayin kusan mita 1,000, dusar ƙanƙara tana sauka a hunturu, kuma sanyin asuba a tashar Nevşehir, babban garin yankin, ba abin wasa ba ne.

Malami mazaunin Gaziantep ya amsa:

Malam, tunda garinmu ka nufa, ina ganin a nan ne motar dare za ta yi maka rana, domin mafi daɗin abincin Gaziantep da sassafe ake cin sa, kuma wanda ya kwana a otal ya tashi da hantsi yakan tarar an kwashe. Kai da za ka sauka da asuba, ka yi salla ka wuce tsohuwar kasuwa da ke kusa da ganuwar gari ka nemi beyran. Za ka ga mai girkin ya shafa kitse a ƙaramin kwanon tagulla, ya zuba shinkafa da zazzagaggen naman rago da tafarnuwa da jan barkono, ya ɗora a kan wuta mai huci, ya kwarara romo, ya miƙo maka yana tafasa. Bayan daren da aka kwana a zaune, ban san abin da ya kai shi warware gajiya ba. Idan da sauran wuri, ka bi shi da katmer, ƙullin da ake murzawa har sai ya yi shara-shara, a cika shi da gyaɗar fistashiyo da kirim ɗin madara da sukari. Ba a banza hukumar UNESCO ta sa garin cikin biranen da suka yi fice a girki a shekarar 2015 ba. Baklava kuwa, wato kayan zaƙin nan na ƙulli hawa-hawa mai fistashiyo da ruwan sukari, ka saya kaɗan a auna maka, ka ci nan take, domin wadda ta kwana a jaka ba ita ba ce.

A Kapadokiya za a yi ta tallata maka naman da ake dafawa a cikin tulun ƙasa a fasa shi a gabanka. Yana da daɗi idan an ba shi awoyin da yake buƙata, amma a wuraren 'yan yawon buɗe ido tsadarsa ta fi daɗinsa, kuma wanda aka kawo maka cikin minti goma ɗumame ne. Gara ka ratsa ta Kayseri, wadda ba ta da nisa, ka ci mantı, ƙananan ƙulli masu nama a ciki da ake zuba wa nono da tafarnuwa, ka kuma ɗanɗani pastırma, busasshen naman sa mai yaji a jiki, wanda zai tuna maka da kilishi ko da yake shi ba a gasa shi. A ko'ina ka sauka, ka nemi gidan abincin da 'yan kasuwa da masu sana'a suke cika da azahar, inda tukwane suke a jere a bayan gilashi, ka nuna abin da kake so da yatsa.

Ka sani kuma girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023 ta taɓa wannan yanki sosai, har ganuwar garin ta zube a wasu sassa, kuma mutane da yawa sun rasa 'yan uwa. Idan hira ta kai can, ka yi ta'aziyya ka bar su su faɗi abin da suka ga dama.

Ɗalibi daga Zariya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki shawarar Hajiya, zan tafi Konya a jirgin ƙasa, in bar motar dare sai hanyar Gaziantep da kuma dawowa. Malam, shin zan iya ƙarawa da Şanlıurfa ba tare da na kwana a can ba?

Malami mazaunin Gaziantep ya amsa:

Za ka iya, domin tsakaninmu da su kimanin awa biyu ne, kuma motoci suna tashi a kai a kai. Ka tafi da safe ka ga tafkin kifayen nan da mutanen garin suke dangantawa da ƙissar jefa Annabi Ibrahim, alaihis salam, cikin wuta, ka ci gasasshiyar hanta a kan ƙananan kujerun bakin kasuwa, amma ka yi hattara da baƙin barkononsu, domin yajinsa a hankali yake tasowa. Daga can akwai motar da za ta kai ka Istanbul kai tsaye, sai dai tafiyar ta haura awa 16, saboda haka ka ci hantar da rana, da dare kuma ka koma wa miyar Hajiya.