Shin Mayotte ta Komoros ce ko ta Faransa?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ni a ganina riƙon da Faransa take yi wa Mayotte ƙwace ne. Tsibiran Komoros huɗu ne, Ngazija da Mwali da Nzuwani da Mayotte, dukkansu aman wuta ne ya fito da su daga ƙarƙashin teku tsakanin Mozambik da Madagaska, mutanensu Musulmi ne, harsunansu kuma dangin juna ne. A ƙuri'ar raba gardama ta Disamban 1974, kusan kashi 95 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci, amma Faransa ta ware sakamakon Mayotte, inda kimanin kashi 63 suka ƙi, ta riƙe tsibirin. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a Nuwamban 1975, tsibirai huɗu ta ambata da sunayensu.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, tarihin ya girmi 1974. Tun 1841 Faransa ta karɓi Mayotte daga hannun Sarki Andriantsoly, sauran kuwa sai a 1886 suka shiga hannunta, kuma kafin nan kowane tsibiri da nasa sarakunan. Da aka ɗauke hedikwatar tsibiran daga Dzaoudzi da ke Mayotte aka kai Moroni da ke Ngazija, babban birnin Komoros a yau, mutanen Mayotte suka ga an mayar da su saniyar ware, shi ya sa matan tsibirin, ƙarƙashin jagorancin Zena M'Dere, suka riƙa tare jami'an da aka turo daga Moroni suna yi musu cakulkuli har sai sun tsere. An sake tambayarsu a 1976 da 2009, duk suka zaɓi Faransa da gagarumin rinjaye. Da wace hujja za a tilasta musu zama a ƙasar da suka ƙi?

Sani: Hajiya tana da madafa. A ƙuri'ar Fabrairun 1961 ta yankin Kamaru da Birtaniya ke riƙe da shi, dabam aka ƙidaya Arewa, dabam aka ƙidaya Kudu, dalilin da ya sa ke nan Mubi take Najeriya a yau, Buea kuma take Kamaru.

Malam Habibu: Sani, wancan tsari Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta shata shi tun kafin a kaɗa ƙuri'a, ta kuma sa ido a kansa. A Komoros kuwa mai mulkin mallakar ne ya zama alƙali a shari'ar da yake da ruwa da tsaki a cikinta, kuma a Fabrairun 1976 ya hau kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu domin kashe maganar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bizar shiga Mayotte da Faransa ta ƙaƙaba wa 'yan Komoros a 1995. Tsakanin Nzuwani da Mayotte kilomita 70 ne kacal, dangi ne a ɓangarorin biyu, amma yanzu sai mutum ya shiga ƙaramin kwalekwalen da suke kira kwasa-kwasa cikin dare, an cika shi maƙil, mata masu ciki da jarirai a ciki. Rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 sun halaka a wannan mashigi.

Hajiya Rabi: Allah Ya jiƙansu, wannan asara ba ta da mai kare ta. Amma Malam, ka dubi inda kwalekwalen suke dosa. Ahmed Abdallah, shugaban Komoros na farko, ya ayyana 'yanci ranar 6 ga Yulin 1975, bai cika wata guda ba aka kifar da shi, juyin mulki ya yi ta biyo baya, har a 1997 Nzuwani da kanta ta ɓalle tana neman Faransa ta sake karɓarta.

Malam Habibu: Hajiya, wanda ya shahara wajen kifar da gwamnatocin nan ai Bob Denard ne, sojan haya Bafaranshe, saboda haka ban yarda a ɗora wa Moroni laifin ita kaɗai ba. Ita Mayotte ɗin ma, tun da ta zama lardi na 101 a 2011, ita ce mafi talauci a duk lardunan Faransa, kuma da guguwar Chido ta afka mata a Disamban 2024, unguwannin gidajen kwano ne suka rushe a kan mazaunansu.

Hajiya Rabi: Haka ne, kuma 'yan Mayotte sun fi kowa kuka da wannan sakaci, har zanga-zanga suna yi. Sai dai abin da suke nema daga Paris shi ne ruwan sha da makarantu da tsaro, ba a mayar da su ƙarƙashin Moroni ba.