Taƙaitawa: malaman kiɗa da wasan kwaikwayo a makarantun Sakkwato

Ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar da aka yi kan aikin waɗannan malamai da abin da ya kamata su koyar:

1. Kowa ya yarda sai da aƙalla NCE (takardar shaidar malanta) da rajistar TRCN (hukumar rajistar malamai ta Najeriya) malami ke shiga aji. Mai son digirin wasan kwaikwayo, an nuna masa ABU Zariya.
2. Albashi ba ya kai wata, shi ya sa da yawa ke haɗawa da wasan rediyo.
3. Nan aka rabu. Wasu sun ce iyaye na ƙyamar jin kalangu a aji, gara a tsaya ga waƙoƙin Islamiyya da tashen azumi. Wasu kuwa suka ce kotso da kakaki gadon fada ne, dole yara su san su. Ni dai ina bayan waɗannan na biyun.
4. Kayan wasa, galibi malami ke saye daga aljihunsa.