Man birki ko ruwan birki? A tsayar da magana ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muhawarar da ta taso kan sunan da ya dace a Hausa ga abin da Bature ke kira brake fluid, wanda a gwangwanayen Jamhuriyar Nijar za ka ga an rubuta liquide de frein, ta rabu gida biyu. Wasu sun ce man birki, kamar yadda ake faɗa a gareji da Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Wasu kuma, galibi masu aikin fassara, sun ce ruwan birki ya fi daidai, tunda abin ba mai ba ne. Ni ina tare da masu man birki.

Masu cewa ruwa suna da hujjarsu. Wanda ke cikin yawancin ƙananan motoci da sinadarin gilaikol ake yin sa, ba dangin baƙin mai ba ne, shi ya sa yake gauraya da ruwa. Tsoronsu kada wani ya ji an ce mai ya ɗauko baƙin mai ko man giya ya zuba. In aka yi haka robobin cikin birki kumbura suke yi su lalace, sai an sake su duka.

Amma a bakin Bahaushe kalmar mai ta fi haka faɗi. Muna da man goge baki da man takalmi, babu wanda ya taɓa tunanin soya ƙosai da su. Ruwa kuwa a jikin mota ma'anarsa a fili take: ruwan lagireto, ruwan batir, ruwan wanke gilashi, kowanne da ruwa na gaske a cikinsa. Yaron mota da ya ji an ce ruwan birki me zai fahimta? Dama muna fama da direbobin da ke kaɗa garin sabulu a ruwa su ɗura idan man ya ƙare musu a hanya. Bai kamata mu ba su sunan da zai ƙarfafa musu guiwa ba.

Domin ruwa shi ne babban abokin gabar wannan abu. Man birki yana zuƙar laima daga iska a hankali, ta murfi da ta bututun roba, ko da motar a ajiye take. Sabon man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Idan ruwan da ya sha ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 ga DOT 3, 155 ga DOT 4. Ka ɗauko mota da lodi kana gangarowa Hawan Kibo daga Jos, ƙafarka a kan birki. Zafin da ake samu a tayoyi ya ratsa zuwa man, ruwan da ke ciki ya zama tururi. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafarka ga tayoyi, amma tururi matsuwa yake yi. Sai ka taka feda ta tafi har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Bayan ta huce birkin ya dawo kamar babu abin da ya faru, mai motar ya ce tsautsayi ne ya ci gaba da hawa. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali a cikin lamarin gaba ɗaya.

Ga sharaɗin da nake so mu ƙara: kada a faɗi man birki shi kaɗai, a haɗa da lambarsa. DOT taƙaitaccen sunan Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ne, wadda ta gindaya ƙa'idar, ba sai mun fassara shi ba. Mu ce dot uku, dot huɗu. Lambar da motarka ke sha tana rubuce a murfin ɗan tankin da ke ƙarƙashin bonet. DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa, sai dai motar da aka ce DOT 4 ba a mayar da ita DOT 3. DOT 5 kuwa, mai launin shunayya, da silikon ake yin sa. Kusancin lambar kada ya ruɗe ka, ba a haɗa shi da sauran, kuma ba na motoci masu ABS ba ne, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi.

Manyan tireloli da birkin iska suke aiki, wannan magana ba tasu ba ce.

Saura aikin kansa. Ƙari daban, juye daban. Idan man ya yi ƙasa a tanki, ko dai abin da ke damƙe taya ya cinye, ko kuma akwai yoyo, a duba kafin a ƙara. Canja shi gaba ɗaya mu kira shi juyen man birki, kamar yadda muke cewa juyen baƙin mai, kuma kamfanonin mota da yawa sun ce duk shekara 2. Abin da kanikawa ke kira bilidin, fitar da iska ya wadatar: mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana sassauta ƙaramin notin da ke bayan kowace taya har tsohon man da kumfa su fice, sabo garau ya biyo, ba a kuma barin tankin ya ƙafe. A yawancin motoci daga tayar da ta fi nisa da tankin ake farawa. In ya ɗiga a jikin mota a wanke nan take, yana cin fenti.

A shago kuma ka ce, Malam, ba ni man birki dot huɗu, wanda ba a fasa ba. Ragowar gwangwanin bara da ke cikin but ta riga ta sha laima, kada a zuba ta.