Me za mu kira "boost" ɗin turbo da Hausa?

Jama'a, makanikai da direbobi da malaman Hausa, ku matso mu yi shawara. Akwai matsalar da ke damun motocin a-kori-kura masu turbo, irin su Hilux da Ranger da D-Max da F-150, a wuraren da sanyi ke kai ruwa ga daskarewa. Da safe mota ta tashi lafiya, a hau titi a taka totur, ta ƙi ja. Wutar gargaɗin inji ta kama, a jona kwamfuta, ta fito da lamba P0299, wadda Turawa ke kira "underboost". Shi turbo mun riga mun karɓe shi, yana hawa harshe ba gardama. "Boost" ɗin ne har yanzu ba shi da suna, kuma rashin sunan yana sa mutane sayen abin da bai lalace ba.

Mu fara da abin da muke son raɗa wa suna. Turbo fanka biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ya fitar, kafin ya bi salansa, shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga filta, ta matse ta, ta tura wa inji. Juyin yakan wuce 100,000 a minti ɗaya. Dabarar tsohuwa ce, tun 1905 wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi mata rajista. Iskar da ke kewaye da mu a bakin teku tana da matsi na psi 14.7, wato kusan bar 1. Duk abin da turbo ya ɗora a kan wannan, shi ake nufi da "boost".

Sunan da ya fi zuwa baki shi ne "ƙarin ƙarfi". Ban yarda da shi ba. Ƙarfi yana zuwa ne bayan iskar ta shiga an haɗa ta da mai, to a nan sakamako aka ambata aka bar dalili. In direba ya ce ƙarfi ya ragu, kuloci ne ke zamewa ko burki ne ya riƙe? "Haɓaka" da "bunƙasa" a bar wa masu labarin tattalin arziki. "Matsin iska" daidai ne a ilimance, sai dai taya ma matsin iska gare ta.

An kawo shawarar "ɗurin iska", daga ɗura, kuma gaskiya ma'anar ta zauna: tura abu ta ƙaramar kafa ko ana so ko ba a so. Amma ku tuna yawancinmu wayoyinmu ba sa sa wa harafi ƙugiya. Ranar da ɗ ta zama d, za a rubuta abin da ba ya faɗuwa a gaban surukai. A wuce wurin.

Ni abin da na kawo shi ne zuga. Maƙeri yana da wuta, yana da gawayi, amma ƙarfe ba zai yi ja ba sai mazugi ya zauna da zugazugi yana tura iska fiye da wadda wutar za ta samu da kanta. Aikin turbo ke nan. Kuma kalmar tana haihuwa, wanda shi ne babban gwajin kowace sabuwar kalma: ƙarancin zuga ga P0299, zuga ta yi yawa ga P0234, yoyon zuga in tiyo ya tsage, jinkirin zuga ga ɗan lokacin nan tsakanin taka totur da amsawar mota, ma'aunin zuga ga agogon da ke dashbod. Na guji "zugi" saboda ciwo ya riga ya kama shi.

Yanzu mu gwada ta a kan matsalar sanyin, mu ga ko za ta ɗauki kaya.

Abin mamaki, iska mai sanyi alheri ce ga inji, domin ta fi kauri. A digiri 0 iska ta fi ta digiri 30 nauyi da kusan kashi 11 cikin ɗari. Saboda haka ba iskar ce ke rage zuga ba, abin da sanyi ke yi wa hanyarta ne. Babba daga ciki shi ne intakula, wannan mai kama da lagireto da ke gaban mota. Iskar da turbo ya matse tana fitowa da zafi, sai ta bi ta cikinsa ta huce. Tana tafe da laima, har da tururin da ke tasowa daga ƙasan inji ana mayar da shi a ƙone. In intakula ya yi sanyi ƙwarai, laimar ta zama ruwa, ruwan ya zama ƙanƙara, ƙananan hanyoyin su toshe. Turbo yana zuga da iyakar ƙarfinsa, amma zugar ba ta isa inji ba. Shi ya sa za a kai motar gareji mai ɗumi ta kwana, da safe a neme matsalar a rasa. A kula a nan: ƙanƙarar da ta narke ruwa ce kwance a ƙasan intakula, in ta yi yawa inji zai iya zuƙe ta lokaci ɗaya, don haka a cire tiyon ƙasa a tsiyaye ta.

Sai tiyo ɗin kansa. Roba tana taurarewa ta tsuke a sanyi, kilif ɗin da ya riƙe ta gam da rani ya saki, zuga ta riƙa sulalewa da wani siririn fito in an taka. A duba bakin kowane haɗi, inda aka ga jiƙar baƙin mai da ƙura ta manne, nan ne yoyon. In motar mai shan gas ce, wato dizal, kakin da ke cikin man yana daskarewa ya toshe filtar mai. Mai ya ragu, hayaƙi ya ragu, fankar farko ta rasa mai juya ta. Dusar ƙanƙara ma takan cika akwatin filtar iska. Akwai kuma ƙofar da ke kewayar da hayaƙi don kada zuga ta wuce kima, in ta sandare a buɗe, hayaƙin duk ya zille. Turbo mai fukafukai masu motsi, irin na yawancin motocin gas na yanzu, kunkunniya ke riƙe su.

Wani abu daban: wasu motocin da gangan ƙwaƙwalwarsu, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ke riƙe zuga har sai baƙin mai ya yi ɗumi. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba ya kawo lamba, domin P0299 tana fitowa ne kawai in zugar da aka samu ta gaza wadda ƙwaƙwalwar ta nema.

Kun ga amfanin raba sunayen. Wanda ya ce "turbona ya mutu" ya riga ya yanke hukunci, makanike sai ya ciro sabo. Wanda ya ce "Oga, zuga ce ta ragu, kuma sai da sanyin safe" ya bar ƙofar bincike a buɗe, za a fara da tiyo da filta da intakula kafin a taɓa abu mai tsada.

Ban ce ba ta da aibu ba. Zugazugi a buɗaɗɗiyar wuta yake hurawa, turbo kuwa cikin rufaffen wuri yake dannawa, don haka ma'anar matsi ba ta fito sarai ba. A rubutun koyarwa sai a ce "matsin zuga", a gareji "zuga" ta wadatar. Na kuma san za a yi ta barkwanci cewa an zuga mota ta yi faɗa. A yi, ai ta haka kalma ke kama baki.

Inda na tsaya shi ne ƙofar nan ta hayaƙi, wadda ake kira "wastegate". Ina da "ƙofar rage zuga", amma ta yi tsawo ga mutumin da ke kwance ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Iyayen gidanmu makanikai, ku da kuke kwance ta kullum, me kuke ce mata in kuna aiken yaro ya ɗauko?