Sienna 2006 ko 2008: wacce zan ɗauka?

Baban Ummi: Salam, 'yan'uwa. Ina neman Toyota Sienna ta iyali a Abuja, 'yar Kwatano. An nuna mini 2006 da 2008, jikinsu kusan ɗaya. Mene ne bambancin?

Makanikin Apo: Alhaji, bambancin yana cikin inji. Daga 2004 zuwa 2006 injin lita 3.3 ne, bel ke juya taimin ɗinsa, wato abin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na inji. Ana canza bel ɗin wajen mil 90,000, a haɗa da famfon ruwa tunda an riga an kwance wurin. In babu shaidar an canza, sa kuɗin a cinikin. Daga 2007 injin 3.5 ne mai sarƙa maimakon bel, ya fi ƙarfi, babu wannan hidimar. Amma a duba bututun man inji na bayansa: wanda ya zo da motar daga kamfani akwai roba a tsakiyarsa, in ta fashe mai kan tsiyaye cikin mintuna, inji ya ƙone. A sa na ƙarfe zalla. Ni dai 2008 zan ce.

Hajiya Kubwa: Ku leƙa ƙarƙashi. Mai jan ƙafa huɗu ba ta zuwa da safaya, wahala ce a hanyar Kaduna.

Direban Zuba: Gaskiyar Hajiya. Sannan a buɗe ƙofofin gefe da maɓalli sau uku-uku. In ka ji ƙara ko ƙofa ta tsaya rabi, wayar da ke jan ta ta fara tsinkewa. Dashbod kuwa duk shekarun nan rana na tsattsaga shi, kada wannan ya hana ka saye.