Ina gorar tsaunukan Qinling za ta koma?

Ɗalibar Tsirrai:
Assalamu alaikum, malamaina. Ta yaya masana ke hasashen inda nau'in gora mai ƙaranci zai iya rayuwa nan da shekarar 2100, alhali zafi yana ƙaruwa kuma ruwan sama yana sauya lokaci?

Malamin Gandun Daji:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Suna fara tattara wuraren da aka tabbatar gorar tana tsirowa, su haɗa da bayanan zafi da ruwan sama na kowane wuri, sannan manhaja irin MaxEnt ta zana taswirar inda irin wannan yanayi zai kasance nan gaba. Haka aka yi a tsaunukan Qinling na lardin Shaanxi a ƙasar Sin, inda binciken da mujallar Nature Climate Change ta wallafa ya nuna nau'o'in gora uku da panda (wata dabbar daji mai launin fari da baƙi) ke ci za su iya rasa mafi yawan mazauninsu kafin ƙarshen ƙarnin nan.

Mai Nazarin Yanayi:
Malam ya yi bayani, amma abin da ya fi damuna shi ne taswira ba ta tafiya da gora. Gora tana yaɗuwa ne a hankali ta saiwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma takan shafe shekaru masu yawa kafin ta yi fure, ta zubar da iri, ta bushe. Ko da saman dutse ya yi mata daɗi, zafin yana iya riga ta isa can.

Ɗalibar Tsirrai:
Na gode, malamai. Ke nan dole hasashen ya lissafa saurin yaɗuwarta.